Jan Ƙyallen Dodanniya a Ninki na Biyu

Da sunan Allah mai rufa asirin bayinSa, ninki a kan ninki, wanda in Ya yaye guda ɗaya sai mutum ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ku matso ku ba ni kunnuwanku. Ni ne Jatau ɗan Barau maɗinki, mutumin Kurmin Gawo. Na yi tafiyar da ta cinye mini takalma goma sha ɗaya, na ga birnin da ake yi wa tufa ado da almakashi, na tafi da ƙane na dawo da buhu. Yadda aka yi haka shi zan gaya muku, kuma ba zan tsaya wanke kaina ba, don na gwada shekara da shekaru bai fita ba.

Mu biyu Inna ta haifa, ni da Nomau, na ba shi shekara huɗu. Ni na koya masa zura zare a allura, ni na ɗora masa hannu a kan surfani. Amma tun gemu bai tsiro masa ba sai ga mutane suna zuwa rumfarmu suna leƙe-leƙe suna cewa, "Ina ƙaramin?" Ina zaune fa, da raina da lafiyata. Ba kuwa don ban iya ba. Ɗinkina a miƙe yake kamar kunyar gona. Sai dai shi in allurarsa ta karkace a ce salo ne, ni in tawa ta karkace a ce in warware. Abin da ya fi ƙona mini rai, Nomau bai ma san ana yi ba. Da mai fahariya ne da na sami abin kamawa.

Wata ranar kasuwa wani falke ya sauka garinmu, ya fito da wani ƙyalle da bai fi tafin hannu biyu ba. Baƙi ne daga sama, amma an yanke tsakiyarsa, a cikin yankan ga shuɗi, a cikin shuɗin ga ja, can ƙasa ga fari, kamar mutum ya leƙa rijiya. Mu mun saba ɗora ado a kan tufa, wannan kuwa adonsa a ciki yake. Falken ya ce aikin Birnin Ninki ne, bayan Dajin Asu da Dutsen Dodanniya. Ya ce akwai wata tsohuwa a can mai almakashin da babu irinsa a duniya, tana neman wanda zai gaje ta.

Nan take na ƙudura cewa almakashin nan nawa ne. In na riƙe shi, in ga bakin da zai sake tambayata ina ƙaramin. Na gaya wa Inna zan tafi ni kaɗai.

Ta ce, "Kai kaɗai? A'a, Jatau. Ɗauki ƙanenka. Biyu na ba hanya, biyu nake so ta maido mini."

Haka na fita neman mafaka daga inuwar Nomau, ga Nomau a bayana ɗauke da guzuri.

Bayan wata biyu muka iso Dajin Asu. Asun wurin nan kowanne ya kai shirwa, ba su cin nama ba su cin ganye, sai tufa. A bakin dajin muka tarar da ayari guda a zaune tsirara, sun rufe jikinsu da ganye, rawani ko ɗaya bai tsira ba. Ni na yi dabarar da ta fisshe mu. Na sa muka kwaɓa laka muka shafe rigunanmu har suka zama kamar bango, kayan ɗinkinmu kuwa na naɗe su a ɗanyar fatar akuya. Muka ratsa kwana uku, asu na sauka a kafaɗunmu suna sansana suna tashi. Da muka ɓulla wani ƙauye a ɗaya gefen, mutane suka taru suna mamaki. Nomau ya ce musu, "Dabarar Yayana ce." Sai wani dattijo ya dafa kansa ya ce, "Kai, yaron nan da ladabi yake!" Kun ji fa. Ni na yi dabara, shi ya tafi da yabo.

Daga nan sai Dutsen Dodanniya. Hanya ɗaya ce tak ta ratsa dutsen, ita kuwa tana zaune a kai, ƙafarta guda ta toshe mashigin. Zanenta ya yage a gwiwa, yagewar ta kai ƙofar rumbu. Ta dube mu ta ce, "Na ji warin allura. Ku gyara mini zane ku wuce. Amma duk wanda ya ɗora mini maho, a ce Dodanniya ta talauce, zai bi 'yan'uwansa." Ta nuna kwazazzabo da haɓa. Na leƙa, na ga huluna da yawa a ƙasa.

Na ce a haɗe bakin yagewar a ɗinke. Muka gwada, zanen ya tattare kamar bakin jaka, ta fara gurnani. Sai Nomau ya ce, "Yaya, in ba a rufe ramin ba fa? In aka ƙara shi?" Na ce masa ya haukace. Ya ɗauki aska ya ƙara yagewar, ya fitar da ita siffar jinjirin wata, ya zura farin yadinmu ta ƙarƙashi, ya kalmashe bakin ya bi shi da ɗinki. Ni aikina riƙo. Tun hantsi har la'asar ina tsaye ɗauke da gefen zanen a ka, wari kamar na tsohuwar jima.

Dodanniya ta duba gwiwarta ta ga wata ya fito, ta yi dariyar da ta gangaro da duwatsu. Ta tsige gashin idonta guda ta ba Nomau, ya zama allurar da ba ta dakushewa. Sa'an nan ta dube ni ta ce, "Kai kuma mai riƙo, ungo." Ta yago mini gefen tsohon ɗankwalinta. Ja ne wur, amma saƙarsa sako-sako ce, ko taɓa bakinsa ka yi sai zare ya biyo hannunka. Na karɓa na yi godiya, don ba a yi wa mai toshe hanya da ƙafa ɗaya tsiwa. Na cusa shi a ƙasan jakata, duk sa'ad da hannuna ya taɓa shi sai in ji "mai riƙo" a kunnena.

Birnin Ninki kuwa, sai wanda ya gani. A can in an haifi jariri sai a yi masa riga falle ɗaya. Duk shekara bakwai a ɗora wani falle a kai, a yanke tagogi yadda na ƙasa zai riƙa leƙowa. In ka ga tsoho, kana iya duba ƙirjinsa ka gangara da ido, ninki bayan ninki, har ka hango rigar da aka yi masa suna da ita. Ba su ɗora wani ado a kan tufa, abin kunya ne a wurinsu. Guntayen da almakashi ya fitar kuwa sharewa suke yi su zubar a bayan ganuwa.

Tsohuwar sunanta Iya Tabawa. 'Yar ƙarama ce, ninkin rigarta goma sha biyu, almakashin yana rataye a wuyanta. Baƙin ƙarfe ne, an ce in ka nufi falle na huɗu zai tsaya a na huɗu ko da idonka a rufe. Ranar da muka durƙusa gabanta ta karanta mana dokokin gasar gado guda uku. Ta farko, ba mai yanka abin da ya ninka da hannunsa: kowa zai jera wa abokin karawarsa falle bakwai a ɓoye, kuma dole mai yanka ya kai aƙalla na uku. Ta biyu, wanda ya ci zai karɓi almakashi, ba zai sake fita ƙofar birni ba har kabari. Ta ukun ban ji ta ba. Daidai lokacin ta kamo hannun Nomau tana jujjuya yatsunsa, tsakanin magana ta ce, "Allah Ya yi hannu a nan." Kunnena ya toshe, nawa hannun yana kan gwiwata ba wanda ya tambaye shi. Daga baya girman kai ya hana ni in ce a maimaita mini.

Shekara uku muka yi a gabanta. Na koyi yadda ake yanka a bar baki kamar faɗin ƙwayar dawa, a ɗan tsaga kusurwa, a tura bakin ciki da tsinin allura, a danne shi da zare mai launin fallen sama har ɗinkin ya ɓace. Na iya, wallahi na iya. Ina gangarawa falle biyar ba ka ga zare guda ya ɗago kai ba. Nomau kuwa wasa ya mayar da abin. Yau ya jiƙa yadi kafin ya yanka, gobe ya babbake baki da garwashi, jibi ya shimfiɗa shara-shara a kan shuni don ya ga launin da zai fito. Rabin gwaje-gwajensa ɓarna ne. Iya Tabawa ta zo kaina ta ce, "Madalla," ta wuce. Ta je kansa ta yi ta faɗa, tana faɗa tana juya ɓarnar a hannu, har inuwa ta matsa ba ta tashi ba. Da za a ba ni zaɓi, da na ba da madallata goma a kan faɗan nan guda.

Almajiran sana'ar mu tara ne da farko, aka yi ta zubewa har ya rage ni da shi. Ana sauran kwana kaɗan gasa, muna cin tuwo da rana, sai ya ce, "Yaya, ni fa hankalina ya koma gida. Tun kafin mu taho idon Inna ya fara yana. Wa ke ɗebo mata ruwa yanzu?"

Na ce, "Allah na nan."

A zuciyata kuwa na ce, ji makirci, so yake in saki jiki. Mai ƙyashi ko gaisuwa aka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta.

Ranar ninki aka sa kowa a ɗakinsa da tarin yadi. Na jera masa falle shida masu kyau, don kada a ce. Sa'an nan na zazzage jakata na ɗauko jan Dodanniya, na shimfiɗa shi a na biyu daga sama, inda ba yadda za a yi ya kai na uku bai ratsa shi ba. Na san ba mahalukin da zai iya kalmashe bakin wannan ƙyalle. Na rufe da baƙi, na bi gefe da ɗinkin riƙo. Hannuna bai ko yi rawa ba, wannan ma sai na faɗa muku.

Aka yi musaya, aka ba mu kwana bakwai. Da na sa aska a nawa sai na ga abin da Nomau ya jera mini: shuni mai ƙyalli, alharini, yadin tsamiya, kowanne saƙarsa dam, suna kalmasuwa kamar suna jira. Na ɗan ji wani abu ya soke ni, na haɗiye shi na ci gaba. Na fitar da itacen rimi, ganye a falle na biyu, rassa a na huɗu, saiwa har na bakwai. Ban taɓa yin aiki irinsa ba, ban kuma sake ba. A rana ta biyar na jiyo bugu daga bakin rijiya. Na leƙa, sai ga Nomau ya tsoma aikinsa a ruwa yana jibgarsa a kan dutse kamar mai wankin tsumma. Na koma ɗaki na yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar hukunci birni ya taru a dandali da hantsi. An shimfiɗa farar tabarma a tsakiya. A gefenta wani wanzami yana zaune da guntun kututture a gabansa, yana wasa aska. Na ɗauka kallo ya zo.

Aka buɗe rimina, jama'a suka yi kabbara. Iya Tabawa ta bi kowane baki da farce, ta ɗaga shi ta kakkaɓe sau uku a kan tabarmar, ta ce, "Shekara arba'in ban ga baki mai tsabta haka ba." Na ji kamar a ba ni fukafukai.

Sai aka buɗe na Nomau, dandali ya yi tsit. Bai kalmashe baki ko ɗaya ba. Ya bi yadin duka da layukan ɗinki a karkace, kusa da kusa, da allurar nan ta gashin ido. Ya tsaga tsakanin kowane layi biyu har falle shida, ya bar na ƙasa ya riƙe su. Wanki da bugu suka sa duk bakunan suka tsefe suka miƙe tsaye, lallausa, kamar gashin wuyan zakara. Jan Dodanniya, da ya fi kowanne tsefewa, shi ya fi tashi, yana ci kamar garwashi a tsakanin baƙi da shuɗi. Iska ta taso, yadin ya kwanta gefe guda ya zama shuɗi, ta juyo ya koma ja. Wata mata ta miƙa hannu ta shafa ba ta san ta yi ba.

Iya Tabawa ta daɗe tana kallo. Ta tsinci jan da yatsu biyu ta murza, sa'an nan ta ɗago kai.

"Wa ya ninka wannan?"

Na ce, "Ni ne, Iya."

"Jatau, ka tuna doka ta uku?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "To, bari in tuna maka. Mai yanka amana ya karɓa, bai ga abin da ke ciki ba. In aka kakkaɓe aiki zare ya zuba a tabarma saboda ruɓaɓɓen falle, laifin mai ninki ne. Babban yatsansa na dama ake cirewa."

Wanzami ya daina wasa aska, ya gyara zaman kututturen. Gumi ya karyo mini tun daga ƙeya. Na dunƙule yatsan a cikin tafina kamar hakan zai ɓoye shi.

Ta ɗaga yadin ta kakkaɓe. Ɗaya. Na zura wa tabarma ido, fara fat. Ta sake, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Biyu. A na uku har sai da ya yi ƙara kamar bulala. Ta sunkuya ta bi tabarmar da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan. Duk zaren da zai zuba ya riga ya zuba a bakin rijiya, sauran kuwa ɗinki ya danne su. Wanzami ya naɗe askarsa ya saɓa kututturensa ya tafi.

Iya Tabawa ta ce, "Rimin Jatau ya kai ƙarshen abin da na sani. Wannan kuwa ban san shi ba." Ta cire almakashin daga wuyanta ta rataya wa Nomau. Birni ya ɗauki guɗa, shi kuwa hawaye na zuba a kan baƙin ƙarfen.

Washegari da safe ya rako ni ƙofar birni, iyakar inda doka ta bar ƙafarsa ta kai, yana jan wani buhu.

Ya ce, "Tun yankan farko na gane shi, Yaya. Ai tare muka sha warin ɗankwalin nan."

Na kasa ɗaga ido.

"Niyyata in yanka falle uku, in yi ɗan tauraro mara daɗin gani, in faɗi. Kai ka zauna da almakashinka, ni in koma wurin Inna. Ai na gaya maka."

Na ce, "Ka gaya mini."

"Da na ga jan nan, na gwada kalmasa ta ƙi, na gwada wuta ya cinye. Ba yadda zan hana shi zuba sai wannan. Ban yi don in ci ba, wallahi. Na nemi hanyar da zan ɓata aikin kuma in tsirar da yatsanka, ban samu ba."

Kuna tsammanin nan zuciyata ta wanke? To, ku ji gaskiya. Kunya ta kama ni, nadama ta kama ni, amma can ƙarƙashinsu sai da na ji tsohon abin nan ya motsa: ya fi ni hannu, ga shi yanzu ya fi ni zuciya. Na tsani kaina a kan haka, bai kuma hana ni ji ba.

Ya turo mini buhun. "Guntayen da na fitar ne shekara uku. Na kasa zubarwa. Kai wa Inna, ka ce ina gaishe ta, ka ce ina nan lafiya."

Na saɓa buhu. Da na iso dutse, Dodanniya ta janye ƙafa ta ce, "Mai riƙo, ina mai hannun?" Na raɓa ta na wuce. Na shafe buhun da laka na ratsa Dajin Asu, ban damu da rigar jikina ba.

Na sami Inna a bakin zaure, idon ya rufe gaba ɗaya. Tun ban yi sallama ba ta karkata kai ta ce, "Takun mutum ɗaya nake ji." Na durƙusa na gaya mata duka, har jan ƙyallen, ban rage ba. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce kawai, "Miƙo buhun."

Ta zura hannu tana fito da su ɗaya ɗaya: jinjirin wata, tsuntsu, ganye, ƙahon barewa, duk abin da Nomau ya yanke ya fitar daga aikinsa. Tana shafa bakinsu tana cewa, "Wannan yankansa ne." Sai na ɗauko farin gwado na shiga jera su a kai, ina ɗora wani kan wani ina danne su da ɗinki, abin da mutanen Birnin Ninki za su kira abin kunya. Amma adon da ya taso sama makaho na iya ganinsa da yatsa. Da shi ta riƙa lulluɓa har Allah Ya karɓi abinSa. Kullum tana shafawa tana sa wa hannun da ya yanka albarka, ban taɓa jin ta tambayi wanda ya ɗinka ba, ni ma ban tuna mata ba.

Yau daga garuruwa masu nisa ake zuwa rumfata neman irin wannan aiki. Nakan yanka nawa guntayen, suna kuwa fita da kyau, amma a kowace riga sai na sa guda ɗaya daga buhun nan. Kuma ko sau ɗaya ba a taɓa kuskurewa ba: mai saye zai bi rigar da ido, ya wuce nawa duka, ya ɗora yatsa a kan wancan ya ce, "Malam Jatau, wannan fa, wa ya yanka?"

Sai in ce, "Ƙaramin."

Buhun ya kusa ƙarewa, saura abin da bai fi cikin ƙwarya ba. Iyakar hikayata ke nan, wanda ya ji ya ji. Ga yatsan nan kuma, ku matso ku duba shi da kyau, lafiyarsa ƙalau. Da shi nake riƙe allura, da shi na haƙa wa Inna kabari ni kaɗai.